Daminar da Aka Dafa Ƙafar Barde

Marka ta zauna mana a Ƙanƙara bana, ba ta da niyyar tashi. Ruwan ba ya yin ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Itace ya jiƙe, kayan shanya sun fara wari, bangon ɗakina har gumi yake yi. In irin wannan lokaci ya zo ba na zama lafiya da kowa a gidan nan, su ma sun sani, kowa kaucewa yake yi. Jiya da safe ɗana Lawal ya fito zai leƙa gona da wani tsinkakken silifas, na ce ya zauna ya miƙo mini ƙafarsa. Mutum ne da furfura a gemu, ya aurar da 'ya, amma ya zauna. Na duba tafin, na buɗa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, matarsa tana bakin murhu tana ƙunshe dariya. Tun ranar da likita ya ce yana da ciwon suga nake yi masa haka.

"Inna, ina shan magani fa," in ji shi. "Ƙahwata lahiya lau, ba ta yi mani ciwo."

Na ce ya rufe mini baki. Duk maganar da zai yi a duniya, wannan ce ba na son ji. Shi bai san komai ba, yana goye a bayana aka yi abin.

Shekarun nan ne da aka ce kuɗin mai ya shigo ƙasa. Mu a ƙauyenmu, can ƙasar Faskari ta wajen hanyar Sabuwa, ba mu ga mai ba, sukari muka gani. Sukarin kwali, madarar gwangwani, burodi, lemon kwalba, duk suka iso mana kusan lokaci guda. Samari kuma suka watse, wannan ya tafi Kaduna aikin gini, wancan ya tafi Legas gadi, suna dawowa da rediyo da wando mai faɗin ƙafa. Gonaki suka rasa hannu. Wanda ya tsaya ya riƙe garma sai ya zama abin kallo, ana yaba masa kamar ya yi wani abin mamaki, alhali abin da ubansa ya yi ne.

Mijina, uban Lawal, yana cikin waɗanda suka tsaya. Ni Malam nake ce masa, mutanen gari kuwa Barde, don shi ne barden noman ƙauyenmu, in an jera a gona ba mai riga shi kai ƙarshen kunya. Yana da wa, Alhaji Mamman, uwa ɗaya uba ɗaya. Alhaji shi ne mai kanti, shi ne mai sayen auduga, shi ya fara buga kwano a garin, shi kaɗai ke da mota a-kori-kura. Ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya, daga nan dariyarsa ta ƙaru. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana son ƙanensa. Amma so ne irin wanda mutum ke yi wa ingarman dokinsa. Kullum safiya sai ya aiko a kira Malam shan shayi a ƙofar kanti, ya zuba masa sukari da hannunsa har cokali ya tsaya, yana cewa ƙanensa ya wuce shan koko.

Ni ce mai share gida, don haka ni na fara gani. Kiyashi suka riƙa taruwa a makewayi, daidai inda Malam ke tsugunawa, baƙi ƙirin. Mutumin da a da ya yi jiki har ana tsokanarsa, sai ya fara zubewa, alhali yana cin tuwon mutum biyu. Randa ba ta kwana da ruwa. Maruru in ya fito masa sai ya yi wata bai warke ba. Wata rana ya dawo daga kasuwar Faskari, na dube shi daga sama har ƙasa, na ga takalmi ɗaya ne a ƙafarsa.

"Malam, ina ɗayan?"

Ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa. Bai san inda ya faɗi ba. Tafiyar da ta fi ƙarfin yaro ya yi da ƙafa ɗaya a ƙasa, kan tsakuwa da tsidau, bai ji ba. Ya zauna bakin gado ya ce mini a hankali, "Uwar Lawal, kwanan nan ji nike kamar auduga nike takawa."

Na ce mu je asibiti. Ya ce asibiti ai na mai ciwo ne, shi ina ciwon?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ba ni kaɗai na lura ba. Duk gari an lura, amma sai aka mayar da abin kirari. An ga yana ratsa ƙaya a wajen sassabe ba ya ɗingishi. An ga ya taka garwashi a maƙera bai ɗaga ƙafa ba. Sai Alhaji ya samu abin faɗa a ƙofar kanti: wai marigayi babansu ya ba Malam wani magani tun yana yaro, wanda shi kansa Alhaji ba a ba shi ba, ƙarfe da ƙaya ba su da iko a kan ƙafar. Mutane suka riƙa zuwa daga ƙauyuka suna roƙon a ɗan sam musu. Alhaji ya yi murmushi ya ce sirrin gida ne. Ni na tambayi Malam a ɗaki, ya rantse mini bai taɓa shan komai ba. Na ce to ka fito ka faɗa. Ya ƙi. Mutumin da wansa ke da kwano da mota, shi ba shi da komai sai wannan ƙafa da ake magana a kanta, ta yaya zai fito ya ce ƙarya ce? Na gane, amma ganewar ba ta rage mini haushi ba, har yau ina jin haushinsa shi ma.

Daminar shekarar ta faɗi da wuri. Muka yi shuka, aka yi noman firi da ƙyar saboda rashin hannu, ciyawa ta sake tasowa kafin a juya. Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi Alhaji ya kira gayya a babbar gonarsa ta dawa, don a gama maimai, wato noma na biyu, kafin bakin mutane ya rufe. Bai tsaya nan ba, ya aika wa abokan cinikinsa na Sabuwa cewa su zo da nasu barden a gwada. Gonar kuwa tun bazara ya sa motarsa ta yi ta kwaso mata taki daga jujin birni. Jujin da muka sani a da toka ce da kashin awaki. Jujin zamanin kuɗin mai kuwa rabinsa gwangwani ne da fasassun kwalabe, duk aka watsa a gona aka bi da huɗa.

Ranar gayya gari ya waye da hadari sama-sama, ƙasa a jiƙe, ƙamshinta na tashi. Mu mata tun asuba muke kan tuƙin tuwo da damun fura. Da hantsi muka ɗauko ƙwarya-ƙwarya muka nufi gonar, tun daga nesa muna jin gangar noma. Maza sun jera, kowa da kunyarsa, bayansu na sheƙi da gumi. Barden Sabuwa wani dogo ne baƙi, ya iya aiki, ba a raina shi. Amma Malam ya ba shi rata. Yana tafe a duƙe, hauya na tashi tana sauka, makaɗi na biye da shi yana zuba masa kirari. Ina tsaye gindin ɗorawa da Lawal a baya, kunya ta hana ni kallo sosai, daɗi kuma ya hana ni kau da kai.

Wata yarinya ce ta fara cewa, "Jini!" Muka duba. Duk kunyar da Malam ya biyo, sawunsa na dama ja ne. Aka yi masa magana, ya tsaya, ya ɗaga ƙafar ya ɗora kan gwiwa. Gindin kwalba ne ya shige tafin, ya nutse. Ya sa yatsu ya zare shi, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya yi jifa da shi. Ko fuska bai yamutsa ba.

Wurin ya kaure. Makaɗi kamar zai fasa gangar. Alhaji ya rugo da babbar riga yana yi masa liƙi a goshi, yana ihu, "Ku gaya ma mutanen Sabuwa! Wanga ƙahwa ba irin tasu ba ce!" Malam ya dumbuzi ƙasar gonar, ƙasar jujin nan, ya cusa a ramin, ya take, ya koma kan kunyarsa. Ya gama ta, ya kama wata. Ni kuwa furar da ke hannuna na ajiye. Mutum ɗari a wurin, ba wanda ya ce a wanke.

Aka ga wata, aka kama azumi, marka ta sauka. Wanda bai yi azumi a tsakiyar damina a ƙauye ba bai san wani abu ba. Tsohon hatsi ya ƙare, sai ka shiga rumbu da tsani kana kankaro ƙasa, sabo kuma bai nuna ba. Gero ya yi ciki, masara ta fara goyo, ko'ina kore shar, amma ba abin sa wa a tukunya. Mu mata mu fita cikin yayyafi mu yago tafasa da rama, mu yi kwaɗo da ɗan ƙuli. Itace jiƙaƙƙe, ka yi ta hura wuta hayaƙi na cin idonka kana azumi. Ɗaki na yoyo, mu jera ƙore da kasko muna tara. Amma ka ji abin takaici: gidan da babu dawa, akwai sukari. Kullum la'asar Alhaji zai aiko da kwali da lemon kwalba, wai na shan ruwan Barde, ya mayar da jinin da ya zubar.

Azumin ya wahalar da Malam fiye da kowa. Kafin azahar leɓensa ya tsage, harshe ya yi fari, idanu su faɗa. Duk da haka da safe zai ɗaure ƙafar da tsumma ya shiga gonarmu, cikin taɓo, don namu maimai bai ƙare ba, an tafi yi wa Alhaji nasa. Liman da kansa ya ce masa marar lafiya yana da izinin ya sha ya rama. Malam ya ce in aka ji Barde ya sha azumi saboda ɗan yanka, ina zai sa kansa? In an kira magariba ya kafa kai a ƙwaryar kunun tsamiya da aka cika wa sukari, ya bi da lemo, ya bi da ruwa, sannan ya yi ta zarya makewayi har sahur. Ina ba shi da hannuna, don ban san shi ne ke cinsa ba, ba wanda ya sani.

Ƙafar ta kumbura, ta yi sheƙi, bakin ramin ya yi fari yana ruwa. A nan Iya ta shigo, uwarsu, surukata. Iya ita ce mai gashi a unguwarmu. Duk wanda ya yi targaɗe, duk mai jego, duk mai kumburi, wurinta ake zuwa, kuma hannunta na da kyau, ban taɓa musu ba. Tana da ƙa'idarta da ta gada: a tafasa ruwa da ganyen runhu, a tsoma tsumma, a danna a wurin. In mai ciwo ya zabura ya janye, to gashi ya shiga, sai a dakata a sake. In bai zabura ba, ruwan bai yi ba, a ƙara wuta. Da ihun mai ciwo take auna zafin ruwanta, ba ta da wani ma'auni.

Ta zo bayan la'asar, ta sa na ɗora tukunya a rumfa, ruwa na zuba daga indararo. Ta tsoma tsumma da kara biyu ta danna. Malam yana kishingiɗe yana jan carbi.

"Ka ji?"

"Ban ji ba, Iya."

"Ke, ƙara itace."

Na ƙara. Ta sake dannawa, tururi na tashi har fuskarta. Bai ji ba. Washegari ta ce tsumma ba ya isar da zafi ga irin wannan ƙafa mai magani, a juye ruwan a kwatanniya ya tsoma gaba ɗaya. Na juye. Kafin ya sa ƙafar na tsoma ɗan yatsana, na fizge da sauri, har ƙwalla ta fito mini.

"Iya, ruwan ga ya yi zahi da yawa. Ko kaza aka sa sai ta figu."

Ba a mayar wa suruka magana a gidanmu, ban taɓa yi ba sai ran nan. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Yatsanki da ƙahwar Barde ɗaya ne? Tun ba a haihe ki ba nike gashi. In shina jin zahi ai da bakinshi."

Malam ya ce, "Bari, Uwar Lawal. Iya ta san aikinta." Ya tsoma ƙafar har idon sawu, ya ci gaba da jan carbinsa, suna hira da Iya kan tsadar gishiri. Ina tsaye ina kallon ƙafar mijina a cikin ruwan da zai dafa ƙwai. Aka yi haka kullum la'asar. Rana ta uku ko ta huɗu, da ya ciro ta, fatar bayan ƙafar ta biyo tsumma. Iya ta ce mugun jini ne ke fita.

Daga nan abin ya juya. Ƙananan yatsu biyu suka yi duhu, suka koma baƙi. Wari ya fara, wari irin wanda ba ya fita daga hanci, ko na fita tsakar gida yana biye da ni. Ƙudaje suka samu wurin zama. Malam ya daina zuwa gona, ciyawa ta rufe mana dawa ina gani. Zazzaɓi ya riƙa zuwa masa da yamma. Har lokacin ƙafar ba ta yi masa ciwo, kuma duk wanda ya zo dubiya abin da yake yabawa ke nan: kai, Barde akwai dauriya.

Alhaji ya zo ya duba, ya toshe hanci da hannun riga, ya fito ya yanke hukunci. Ƙafar da ƙarfe ba ya ci ba za ta lalace haka kawai ba, mutanen Sabuwa ne suka ji kunyar kayen da aka yi musu, suka yi jifa. Ciwon jifa kuwa ba ya son allura, ana yi masa allura an gama da mutum. Ya ɗauko wani mai magani a motarsa, motar da in an yi zancen asibiti ake cewa hanya ba ta biyuwa. Mutumin ya yi turare, ya barbaɗa wani baƙin gari a kan ƙafar, ya haƙa bakin ƙofa ya ce ya ciro abin da aka binne, aka yanka masa zakara ya tafi. Baƙin ya haura zuwa tsakiyar ƙafa.

A goman ƙarshe na ajiye kunya. Na yafa zane na tafi kantin Alhaji da rana tsaka, maza na zaune a benci, na durƙusa daga gefe.

"Alhaji, don Allah a kai ɗan'uwanka asibiti. Ƙahwar nan ruɓewa take."

Bai dube ni ba. Benci ya duba, ya yi 'yar dariya.

"Ku ji mani mata. Asibiti ba su san komi ba sai yanka. So kike a maida Barde gurgu? A bari a sha ruwa, a yi Salla. Mota ma tana da aiki, kayan Salla na can Funtuwa ba a kwaso ba."

"Kayan Salla sun hi shi?"

Sai a lokacin Alhaji ya dube ni. Ya ce in tashi in ba shi wuri tun bai aika gidanmu an zo an ɗauke ni ba. Na tashi. Ina tafe ina kuka, ba na baƙin ciki ba, na haushi, har ban ga hanya ba na faɗa kwata.

Ran jajibirin Salla Malam ya wayi gari bai san inda yake ba. Yana kiran babansa da ya rasu, jikinsa kamar garwashi. Na leƙa waje na ga ana ɗaure wa motar Alhaji tamfol za ta tafi ɗauko sauran kaya. Na goya Lawal, na fita ba mayafi, na taka taya na haye bayan motar na zauna a kan buhunan wofi. Direba ya ce in sauko, na ce sai dai a sauko da gawata. Mutane suka taru. Alhaji ya fito yana faɗa, na ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji, na ce motar nan ba ta barin garin nan sai da mijina a ciki, in kuwa ya mutu a ɗaki, zan bi kasuwa-kasuwa daga Faskari har Sabuwa ina faɗin wanda ya hana. Liman ne ya sa baki. Aka ɗauko Malam a kan asabari aka shimfiɗa shi kusa da ni. Alhaji ya shiga gaba.

Hanyar da aka ce ba ta biyuwa kuwa, sai ga shi ta biyu. An kafe a taɓo, an tura, an sa rassa a ƙarƙashin taya, amma ta biyu, kamar yadda da ta biyu tun farkon azumi. A Faskari malamin asibiti ya buɗe tsumman ya mayar ya rufe. Ya karɓi fitsarin Malam ya zuba a 'yar kwalba da wani ruwa shuɗi, ya ɗora a wuta, ruwan ya juye ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya ce ciwon suga ne, kuma ya daɗe, wannan ya fi ƙarfinsa, mu wuce. A Funtuwa ma aka ce mu wuce. Mun yi Sallarmu a barandar babban asibiti a Zariya, ana ta wucewa da sababbin kaya, ni da zanen da na kwana biyu da shi.

Likitan da ya duba shi ya tambaya, ta bakin wata ma'aikaciya, wa ya sa ƙafar nan a wuta. Ya ce ciwon ne ke kashe jijiyoyin da ke kai wa mutum labarin zafi, ya kuma rage jinin da ke sauka ƙafa, shi ya sa ba ya ji, shi ya sa rauni ba ya warkewa. Ya ce haka yake bi ya taɓa ido, ya taɓa ƙoda. Yankan kwalbar, in ji shi, da an kawo da wuri, da wanki da magani sun isa. Na juya na dubi Alhaji. Yana kallon silin. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Yanzu Lawal yana da 'yar na'ura a aljihu, ya soki yatsa ta gaya masa abin da jininsa ke ciki. Ana faɗa a rediyo, ana faɗa a asibiti, har yara sun san mai suga ba ya yawo ba takalmi. Gayya ta mutu, feshin maganin ciyawa ake yi, ganga sai a gidan biki, gonakin nesa ma ba a zuwa, kowa ya san dalili. Amma har gobe in namiji ya yi shiru da ciwo sai ka ji ana cewa akwai dauriya. Iya ba ta sake ɗora tukunyar gashi ba har ta koma ga Allah. In mai targaɗe ya zo sai ta ce hannunta ya tsufa. Ba ta taɓa ce mini komai ba, ni ma ban ce mata ba, amma ita ta riƙa yi mini surfe duk lokacin da nake jinya, ba tare da na roƙa ba. Ita kam na yafe mata. Alhaji kuwa har ya mutu yana cewa jifa ce, likitoci ne ba su gane ba.

Mun dawo gida kaka ta yi. An yanke gero, dawa ta sunkuya a gonakin mutane. Tamu ciyawa ta cinye, abin da muka samu bai cika jaki uku ba. Malam ya koma zaman tabarma a gindin bangon zaure, da sanda a gefe, da wando ɗaya a naɗe an soke da tsinke. An hana shi shayi, an hana shi lemo, kullum sai allura. Yara in sun wuce ba su san me za su kira shi ba.

Wata rana da hantsi Alhaji ya shigo gaisuwa. Ya zauna a kan turmi yana ba da labarin kuɗin auduga. Ina gefe ina tsince wake. Sai na ga Malam ya daina amsawa, ya cije leɓe, gumi ya tsatso masa a goshi. Can ya saki wani nishi da ban taɓa ji daga bakinsa ba tun da aka kawo ni gidan.

"Uwar Lawal, ƙahwata. Tahin ƙahwata. Kamar ana hura mani wuta."

Na kama ta hagu.

"Ba ita ba. Ɗayar."

Likita ya gaya mini haka na iya faruwa, ban yarda ba sai ran nan. Ƙafar da ba ta taɓa yi masa ciwo ba tana jikinsa, yau tana binne a Zariya take yi masa. Yana ta miƙa hannu wajen, hannun na kama iska, hawaye na bin gemunsa.

"Danna mani, don Allah. Danna."

Na ture faifan wake, na durƙusa, na ɗora hannu biyu a kan tabarma, daidai inda tafin zai kasance, na fara dannawa.

"Ƙasa kaɗan," in ji shi. "Nan. Nan."

Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce bari ya leƙa kanti, ya bar yaro shi kaɗai.

Ban ɗago ba, ban daina danna tabarmar ba. Na ce, "Zamna, Alhaji. Ka kalli bajintar gona har ƙarshe. Wannan ma zamna ka gani."

Ya koma kan turmin ya zauna.